Sabon Maganin Feshi

Ranar da maganin feshin wani kamfanin ƙasar waje ya ƙone wa manoman Fakku wake, a ƙofar masallaci suka yi rantsuwa.

"Mun bar sayen kayansu," in ji shugaban manoma. "Sai an taɓa aljihunsu za su ji."

Da damina ta zagayo, kowa ya hau babur har Tambuwal, ya sayo wani maganin a kan ninkin kuɗi. Shugaban ya kai wa malamin makaranta nasa, ya karanta masa yadda ake haɗawa.

Malamin ya daɗe yana duban ƙananan rubutun gindin kwalbar.

"Baba, ai su ne. Tun bara sunka saye wanga kamfani."

Dattijon ya ce, "To, murfi nawa za a zuba?"