Sunan Da Na Ƙi Faɗa

"Wa ya ba ki labarin nan?" Bu Sulastri, wato Uwargida Sulastri, shugabar ma'aikata a masana'antar takalma, ta daki tebur. Mai wurin, Pak Darmo, wato Malam Darmo, na tsaye bakin ƙofa riƙe da wayata.

Laifina, na rubuta yadda suke korar masu juna biyu. Ni 'yar jarida ce, amma ni kaɗai nake aikina, ba gidan jaridar da zai tsaya mini.

"Ke da ko katin aiki ba ki da shi! Faɗi suna, ko mu kira 'yan sanda!"

"Kira su, Bu."

Pak Darmo ya yi tsaki, ya jefo mini wayar, ya fice.

Sai Bu Sulastri ta zube a kujera, ta sassauta zanen da ta ɗaure cikinta da shi ƙarƙashin riga don ɓoye juna biyun da take da shi. Ita ce ta ba ni labarin.

"Allah Ya rufa miki asiri, ƙanwata, yadda kika rufa mini."