Nishi a Cikin Rumbu

Shekarar da sanƙarau ya shiga Wurno, zamanin Turawa, duk wanda wuyansa ya sandare akan kai shi bukkokin jinya a bayan gari. Mutane suna cewa wanda aka kai ba ya dawowa. Shi ya sa da ciwon ya kama yayata Hassi mai jego, Baba ya ɓoye ta a cikin rumbu.

Da la'asar malamin asibiti ya iso gidanmu, ya tarar da ni a tsakar gida. Hannunsa na warin magani.

"Yaro, mi ka nishi cikin rumbun ga?"

"Akuya ce, Malam," na ce, kamar yadda Baba ya koya mini.

Ya daɗe yana kallon rumbun. Sannan ya ce a hankali, "Gaya ma babanka, akuyar ga in ba ta sha magani ba, ba ta kai Juma'a."

Tsoro ya hana ni isar da saƙon. Yanzu da furfura nake koyon rubutu, kuma wannan ne karo na farko da na faɗa.

Kafin daminar waccan shekara mun binne uku: Hassi, jaririnta da Inna.