Layin da Bai Katse Ba

Yana shagonsa na gyaran waya a Kaura Namoda sai baƙuwar lamba ta kira. Waɗanda suka ɗauke ƙanensa a hanyar Shinkafi ne.

Bara shi ya gano kuskuren da ke katse kira inda sabis ya yi rauni, can cikin zuciyar manhajar wayoyi da masana daga ko'ina suke ginawa kyauta. Ya aika gyara, aka karɓa.

"Wa za shi amfana?" mahaifiyarsa ta tambaya.

"Kowa, Inna."

Yau daga tsakiyar dajin Zurmi muryar ɗan bindiga na fitowa tar, ko kalma ba ta ɓace ba. Sai aka miƙa wa ƙanensa wayar.

"Yaya, ina raye."

Ita ma ta fito tar.