Munafukin Rami

Dutse ya gangaro daga bangon rami ya daki mai katafila a ƙafa. Sarkin Rami, shugaban leburorin ma'adinan, ya duba yatsan da ya fashe, ya gyara oba-obarsa, 'yar rediyon magana da ofis da ke maƙale a bel ɗinsa, ya kai tumbinsa kan benci ya zauna da ƙyar.

"Ku ɗaure masa tsumma," in ji shi. "Kada wanda ya kai maganar nan ofis."

Ba a gama yaga tsumman ba sai ga jami'ar kariya, wadda suke kira Hajiya Hular Kwano, da akwatin magani. Ta wanke ciwo, ta sa aka killace bangon, aka tsai da aiki.

Haka aka yi ranar da birkin tifa ya tsinke. Haka ranar da wani ya zame cikin kwatami. Sarkin Rami ya tsani rahoto, don rahoto na tsai da haƙa, amma duk abin da ya binne kafin azahar ya tsiro a ofis. Manaja ya gaji, ya ce masa in ya ƙara ɓoye haɗari ko na farce ne, ya ajiye hularsa ya kama gabansa. Mutum mai iyali, ga tsufa ya kawo kai, ina za shi in aiki ya tafi?

Maimakon ya daina, sai ya shiga farautar munafuki. Ya ƙwace wayoyin kowa. Ya daina gaisawa da direban tifa, surukinsa kuwa. Ya rantse duk wanda ya kama sai ya bar ramin nan.

Da guduma ta faɗo wa wani a kafaɗa, can ƙasan rami ya tara leburori, a tsaye, ya yi musu raɗa kada ofis ya ji. Shiru, ba Hajiya ba labarinta. Daɗi ya kashe shi. Ya hauro rumfa, ya baje kan benci yana ba mai gadi labarin yadda ya yi mata wayo. Bai kai ƙarshe ba sai ga akwatin magani ya shawo kwana.

Da ta gama, ya bi ta ofis.

"Hajiya, aiki dai na san ya tafi. Don girman Allah ki faɗa min wane la'ananne ne ya kashe ni."

"Baba, zauna tukuna."

Ya zauna. Tumbi ya sauka kan bel, ya danne maɓallin oba-oba, sai na'urar da ke kan teburinta ta yi ƙara, muryarsa ta fito daga ciki tangaran: "Wash Allah, bayana!"