Shekarun Kalilu

Musaddiq ya jingine babur a ƙofar asibiti, ko makulli bai zare ba. Duk wanda ya san shi a Sandamu ya san ba ya shiga wuri shiru. Shi ne fa ya taɓa tura mai unguwa har Mashi ta'aziyyar mutumin da ke zaune yana shan fura. Shi ne kuma ke bugun ƙirji a majalisa cewa akwai tsokanar da ya shuka wa taubashinsa Kalilu, ba za ta nuna ba sai ranar bikin 'yar Kalilun.

Yau kuwa ko sallamarsa ba a ji ba.

Kalilu na kwance, bututu a maƙogwaro, na'ura na hura masa numfashi. Kwana huɗu ke nan da huhunsa ya cika da ruwa. Fuska ta kumbura, ga furfurar nan da ta kama shi tun da wuri. Wanda bai san shi ba sai ya ce masa Baba.

Matarsa Haulatu ta share ido ta ce, "Malam Musaddiq, motar Katsina ta tashi tun hantsi. Da wani mara lafiyar ta tafi."

Likitar ba ta da ɓoye-ɓoye, ta buɗe masa takarda. Gado ɗaya aka samu a babban asibitin Katsina, su kuma mutum biyu gare su a kan na'ura. Don kada a ce an yi son kai, akwai ma'aunin da suke bi: iskar da ke isa jini, ƙarfin da na'ura ke turawa, lafiyar ƙoda, sai shekaru. Kowanne da makinsa. Wanda makinsa ya yi sama, shi mutuwa ta fi kusa da shi. Gadon na wanda aka fi sa ran tashinsa ne.

Ta ce, "Maki ɗaya ya raba su. Naku ya haura sittin da biyar."

"In ji wa?"

"Na tambayi uwargida, ta ce ita ba ta ƙirga masa ba. Ta miƙo katin ɗan ƙasa. Sittin da takwas."

Musaddiq ya ce, "Likita, da a ce hamsin da uku ne fa?"

"Da yanzu yana Katsina."

Ana kiran la'asar Kalilu ya cika.

Haulatu na tattara kaya ta miƙo masa katin. "Riƙe wannan, kai ne ɗan bokonmu. Kullum cewa yake ba don kai ba, da bai samu ba."

Ya karɓa, ya kasa dubawa. Ai ba sai ya duba ba. Ranar da masu yin kati suka zo Sandamu, shi ne Kalilu ya miƙa wa fom ya cike masa, shi kuwa yana danne dariya ya ƙara masa shekara goma sha biyar, don ranar biki ya miƙe gaban surukai ya kira shi Ɗantsoho da shaidar gwamnati.