Ɓarawon Katakon Zamiya

Kaspar bai taɓa jingine katakan zamiyarsa biyu, waɗanda ake ɗaura wa ƙafa a zame kan dusar ƙanƙara, wuri ɗaya ba. Duk ɗan yankin duwatsun Tirol ya san dabarar: in za ka shiga bukkar kan dutse cin abinci, raba su, domin ɓarawo ba ya son wari ɗaya. Jama'a kan ajiye ɗaya nan, ɗaya can ƙarshen jerin katakan da ke ƙofar bukka. Shi kuwa Kaspar, da yake wayonsa ya fi na jama'a, ɗaya yake bari a jeri, ya zagaya da ɗayan bayan bukka ya binne cikin dusar ƙanƙara. Kuma kullum sabon rami.

"Baban Resi, katakon haya ne fa," in ji matarsa Burgi. "Na shagon ƙauye, kore shar. Wa zai wahalar da kansa?"

"Tun da kika aure ni an taɓa ɗauke mini ko safar hannu?"

"Wa ya isa."

"To bar ni da aikina."

Ranar farko ta hutunsu, suna gama shan miyar dunƙulen burodi, ya fito ya tarar da katako na biyu tsaye a jeri, kafaɗa da kafaɗa da ɗan'uwansa. Wato wani ya bi sawunsa, ya tono, ya haɗa su, saura kawai ya saɓa ya zame gangare. Allah ne ya fito da shi a kan gaɓa. Har maɗaurin ƙafar ma an taɓa, don takalminsa ya ƙi zama sai da ya ari abin kwance kusa ya gyara.

Da yamma labari ya cika masauki. Wani baƙo ya fito daga bukkar ya tarar da wari ɗaya kacal, sai a kan babur ɗin ƙanƙara aka sauko da shi yana zage-zage. Kaspar ya dubi Burgi ya gyaɗa kai.

"Kin ji ko? Nawa ya kufce masa, ya huce a kan na wani."

Washegari ya binne katakon can wajen tarin itacen wuta, ya share sawunsa da reshe. Ya fito, ga shi a jeri. Aka sake sauko da wani a babur. Daga nan hutu ya ƙare wa Kaspar. Burgi da 'yarsu Resi suna zamiya suna dariya, shi yana biye da su yana ƙare wa kowa kallo. Ya rantse ba zai bar ƙauyen ba sai ya damƙe ɓarawon da hannunsa, kowa ya shaida.

Bai daɗe ba ya samo mutuminsa. Wani mai hular rawaya, siriri, ya fara zama a bencin ƙofar bukka da kofin shayi wanda ba ya sha. Ba ya zamiya, ba ya hira. Idonsa a kan jerin katakai. In Kaspar ya zo wucewa kuwa, ƙafafunsa yake kallo.

Rannan a kan lilon hawa dutse Resi ta ce, "Baba, mai hular nan ya tambaye ni wane masauki muke."

"Kika faɗa masa?"

"Ai ya gaishe ni da ladabi."

"Ladabi! Kura ma da sallama take shiga garke."

Burgi ta ce wataƙila bawan Allah ne mai son hira. Kaspar ya taɓe baki. Mace mai kirki ce, amma ba ta san duniya ba.

Ranar da za su tafi, gari ya waye da iskar nan mai ɗumi ta kudu, wadda ke sa ciwon kai, ta sa rufin gidaje ɗiga. Kaspar ya binne katakonsa da zurfi, ya shiga bukka, ya zauna ya ba taga baya da gangan. A bar tsuntsu ya shiga tarko. Ya ci abincinsa a tsanake, har da ƙari.

Ya fito. Ga katakai biyu a jeri. Ga mai hular rawaya tsaye a kansu, ya dafa ɗaya.

Kaspar ya ci kwalarsa. "Jama'a, ku fito! Ga shi nan! Yau ƙaryarka ta ƙare, ɗan nema!"

Bukka ta watse waje, wasu da cokali a hannu. Mutumin bai ko motsa ba.

"Sake ni, malam. Sunana Wendelin, ni ke kula da tsaron gangaren nan. Ka ce wannan naka ne?"

"Nawa ne! A bayan bukka na binne shi, ka tono!"

"To muje ka nuna wa mutane ramin."

Abin nema ya samu. Kaspar ya shige gaba yana taƙama, jama'a na biye, Burgi tana riƙe da hannun Resi. Ya sha kwanar bukka, ya ɗaga hannu zai nuna rami fanko, sai hannun ya tsaya a sama.

Iskar ɗumi ta zaftare dusar, ga kawunan korayen katakai sun leƙo, ɗaya jikin bango, ɗaya wajen itacen wuta, ɗaya gindin bishiya, har da na yau, kowanne yana nan daidai inda Kaspar ya binne shi da hannunsa. Ashe kullum na wani yake haɗawa da nasa ya tafi.