Mai Ƙorafin Manhajar Fa'izu

Manhajar Fa'izu tana aiki lafiya lau a kwamfutarsa, kamar yadda kowace manhaja take yi a gaban mai ita.

A shagonsa na unguwar Takur ya rubuta ta, don ƙungiyar makarantun Islamiyya ta riƙa bin haddar kowane ɗalibi. Sharaɗin ƙungiyar ɗaya ne: ranar Asabar manhajar ta tashi a kan duk kwamfutar da malamai suka zo da ita, ko Windows ce ko Linux ko Mac. In ta ƙi, a ba wani kamfani na Kano aikin.

Sai ya raba wa makarantu ita don gwaji, ya sa mata gurbin aiko da ƙorafi. Malamai suka yi ta aiko da addu'a. Addu'a abu ne mai kyau, sai dai ba ta nuna layin da ya lalace a rubutun manhaja.

Mutum ɗaya ne ya fita daban. Ba sallama, ba suna.

"A gaya wa yaron nan, ba ta buɗewa."

Fa'izu ya duba. Ashe ya nuna wa manhajar wani wurin ajiya da Linux kaɗai ta sani, Windows ko labarinsa ba ta taɓa ji ba. Ya gyara, ya sa ta riƙa tambayar kowace kwamfuta inda take ajiye kayanta.

Washegari wani saƙon ya shigo. "A gaya masa sunan ɗalibi Ɗan'inna ya rasa harafinsa na farko, alamar tambaya ce a wurin. Yaron mutane bai yi laifin komai ba."

Ya gyara yadda take adana haruffa masu lanƙwasa. Bai gama shan ruwa ba aka ce kwanan wata ya juye. Ya gyara. Sai aka ce a tsohuwar Windows tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa.

Ya kira ƙanwarsa Ikilima a Miga don ya sauke haushi.

"Wani dattijo ya sa ni a gaba. Sunana yana nan ɓaro-ɓaro a jikin manhajar, amma ya kasa rubutawa."

Ikilima ta yi dariya har da tari. "Yaya, kai dai ka gyara."

"Ki gaishe da Inna."

Daga nesa ya jiyo mahaifiyarsu, wadda ta dawo daga karantar da matan aure a Islamiyya, tana cewa, "Yana lafiya dai ko?" Iyakar rabon ɗan fari ke nan, kuma ya saba.

Ranar Asabar malamai suka jera kwamfutoci, har da wata da aka ɗaure batirinta da roba. Manhajar ta tashi a kan kowacce. Shugaban ƙungiya ya gyara zaman hularsa, ya ce Kano ta yi haƙuri.

Fa'izu ya koma shago yana jin ya kamata ya yi wa dattijon nan godiya, ko da ta dole ce. Kowane ƙorafi yakan zo da ɗan bayani a ƙasa: irin kwamfutar da sunan da aka raɗa mata. Shi irin kawai yake dubawa. Yau ya karanta sunan.

Sunansa ne. Tsohuwar kwamfutarsa ce ta makaranta, wadda ya bar wa Inna ta riƙa jin tafsiri.